Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

'Yan'uwana mata, iyayen gida da 'yan mata masu shirin shiga ɗaki. Na san da za a bi ku ɗaya bayan ɗaya a tambayi abin da kuke so in yi magana a kai a wannan shafi, babu wadda za ta ce haraji. Wata za ta ce kishi, wata ta ce uwar miji, wata ta ce tsadar kayan ɗaki. To ku yi mini haƙuri, yau haraji ne ya tsaya mini a maƙogwaro, kuma in kun daure kun bi ni a hankali za ku ga maganar ba ta bar bakin murhunku ba ko da taku ɗaya.

Ga abin da ya tsokano ni. Akwai wata baiwar Allah a bakin layinmu, mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar, babban cikinsu bai gama sakandare ba. Suyar ƙosai da awara take yi da yamma, da ita take ci da su, da ita take biyan haya. Rannan bayan la'asar na aiki yaro sayen ƙosai ya dawo mini da kwano wayam, sai na ja mayafi na leƙa da kaina. Na tarar da ita a kan 'yar kujerarta ta rafka tagumi, itace na ci a banza, ga ƙullu a roba yana shirin tsami, babu kasko. Ashe masu yankan tikiti ne suka zo tun ba ta zuba mai ba, ta ce su yi wa Allah su zagayo in ta yi cinikin fari, suka ce su ba su san wannan zancen ba, suka sungumi kaskon suka jefa a bayan mota. Sai da ta ranto kuɗi wurin mai shayi ta tura ɗanta ya karɓo shi. Na shiga faɗa ina cewa wannan wane irin rashin imani ne, sai ta ɗago ta dube ni ta ce, "Hajiya bar su kawai, doka ce, ya za mu yi?"

Wallahi kalmar nan ta fi ɗaukar kaskon ci mini rai. Domin kuwa ita dai wannan kalmar ce manyan masu kuɗin duniya suke fakewa da ita duk ranar da asirinsu ya tonu, aka gano sun kwashi dukiya sun kai wani tsibiri a tsakiyar teku don kada a cire mata haraji. Su ma abin da suke cewa ke nan, ai doka ce, ba mu karya ta ba. To wace irin doka ce wannan da take da hannun ƙwace kaskon uwar marayu, amma ta ga mai jirgin sama sai ta buɗe masa ƙofar baya har da rusunawa?

A shekarar 1989 an yi wata shari'a a birnin New York na Amurka. Wata hamshaƙiyar mai otal-otal ce, sunanta Leona Helmsley, aka gurfanar a kan zambar haraji. Mai aikin gidanta ta tsaya gaban alƙali ta ba da shaida cewa ta taɓa ji daga bakin uwar ɗakin nata wai su ba sa biyan haraji, ƙananan mutane ne ke biya. Ita dai ta ce ba ta faɗa ba, amma kotu ta same ta da laifi, ta kuma yi zaman gidan yari. Matar nan da ta mutu a 2007, dala miliyan 12 ta bar wa karenta a wasiyya, sai da alƙali ya rage. Ke dai bari 'yar'uwa, duniya da abin kallo. Amma ita garaje ta yi shi ya sa aka kama ta. Masu wayon cikinsu ba sa kwana a kurkuku, lauyoyi da akantoci suke ɗauka su share musu hanya.

Kafin mu je ga masu wayon, bari mu fara da ke. Na sha jin mata suna cewa, "Ni ina ruwana da haraji, ina cikin gida, ba na aikin gwamnati, ba ni da shago?" Ayya! Kina biya mana, rasit ne kawai ba a ba ki. Tun watan Janairun 1994 aka fara karɓar harajin kayan saye da ake kira VAT a Najeriya, naira 5 a kowace 100, sannan a Fabrairun 2020 aka ɗaga shi zuwa naira 7 da rabi. Gaskiya ne an tsame hatsi da kayan miya da magunguna, ba zan ɓoye wannan ba. Amma sabulun wanka, garin wanki, man shafawa, bokiti, atamfar da kika kai ɗinkin salla, katin da kika sa a waya kika gaishe da innarki, duk akwai rabon hukuma a ciki, an riga an cusa shi cikin farashi. Idan kin tura wa yayarki naira 10,000 ta banki gudummawar suna, akwai naira 50 da ake zarewa. Wanda ya tura naira miliyan 10, shi ma naira 50 ɗin ce. Ki yi lissafin da kanki: a naki an ɗauki ɗaya cikin 200, a nasa ɗaya cikin 200,000. In kuwa maigidanki malamin makaranta ne ko ma'aikacin asibiti, nasa harajin tun albashi bai taɓa hannunsa ba aka yanke. Ba a shawara da shi, kuma ba shi da wani tsibirin da zai gudu.

Sannan ki sake biya karo na biyu, kuma wannan ya fi ciwo. Ranar da naƙuda ta kama ki aka kai ki asibitin gwamnati, aka miƙo wa maigida 'yar takarda ya je ya sayo safar hannu da auduga da allura da ledar ƙarin ruwa, wannan takardar me kike tsammani ce? Kuɗin da kike ba mai ga-ruwa kullum safiya saboda famfon gidanku ya shekara da shekaru bai ɗiga ba fa? Da wanda kike tarawa a adashi ki kai 'yarki makarantar kuɗi, don a ta gwamnati sun cika aji maƙil suna zaune a ƙasa? Duk abin da ya kamata a yi miki da kuɗin baitulmali ne ba a yi ba, kika zaro daga bakin zaninki kika yi.

To ina kuɗin suka shiga? Wani kaso an sace bayan an tara, wannan ko yaro ya sani, kuma za mu zo kansa. Amma akwai wani kaso mai kauri da ko tara shi ba a yi ba, tun daga tushe ya yi fiffike ya tashi.

Bari in kwatanta miki da abin da kika sani. Ki ɗauka gidan haya ne mai ɗaki goma, kun yi yarjejeniya kowa zai ba da kuɗin yashe rijiya da kwashe masai gwargwadon ribar sana'arsa. Sai mai babban shago a cikinku, wanda ya fi kowa baƙi ya fi kowa ɗiban ruwa, ya tafi wani ƙauye ya buɗe shago na biyu. Babu kaya a ciki, babu mai tsaro, allo ne kawai aka kafa a jikin bango. Duk wata sai ya rubuta takarda wai shagon birni ya biya shagon ƙauye kuɗin shawara, da kuɗin aron suna, da kuɗin ruwan bashin da ya ci a wurinsa. Ranar karo-karo sai ya buɗe littafi ya ce, "Ku duba da idonku, bana ban ci ribar ko sisi ba." Alhali riba tana nan lafiya lau, aljihun dama ta bari ta koma na hagu. Rijiya kuwa dole a yashe ta, saboda haka ku tara ɗin nan ku za ku cike gurbinsa.

Haka ake yi a duniya, sai dai maimakon ƙauye, tsibirai ne irin su Kayman da Bamuda da Jersey da tsibiran Virgin, waɗanda duk suke ƙarƙashin inuwar Ingila, da ƙasashe irin su Panama da Morishas. Sana'arsu ita ce su ce wa mai kuɗi, kawo mu ajiye maka, haraji kaɗan ne ko babu sam, kuma ba za mu yi ta yaɗa sunanka ba. A tsibirin Kayman akwai wani gida mai hawa biyar ana ce masa Ugland House. Da masu binciken gwamnatin Amurka suka duba a 2008, sai suka tarar kamfanoni sama da 18,000 ne suke cewa nan ne adireshinsu. Jama'a, gida ɗaya! Ko tururuwa ce ai sai ta yi cunkoso. Kamfanonin takarda ne, ba su da leburan da ya taɓa karya kumallo a wurin.

Kada ki ce tatsuniya nake yi miki. A 2013 ƙungiyar ActionAid ta fitar da bincike a kan kamfanin sukari na Zambia Sugar da ke ƙasar Zambiya, wanda uwar kamfaninsa take Ingila. Suka ce daga 2007 ya ci ribar dala miliyan 123, amma harajin ribar da ya biya bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba, kuma maƙudan kuɗi suna fita da sunan ladan aiki zuwa wasu 'yan'uwan kamfanin a Ailan da Morishas. Abin da ya fi tsaya mini a rai, sun samo wata mata mai ɗan tebur a kasuwar garin da masana'antar take, tana sayar da sukarin kamfanin nan ƙulli-ƙulli, suka nuna a wasu shekarun harajin da ta biya ya fi harajin ribar da kamfanin ya biya. Kamfanin ya ce shi bai karya doka ba, rangwame ne hukuma ta yi masa saboda ya kashe kuɗi wurin faɗaɗa masana'anta. Kin ji kalmar ta sake dawowa ko? Idan aka haɗa irin wannan da sauran hanyoyin ɓoye, kwamitin da tsohon shugaban Afirka ta Kudu Thabo Mbeki ya jagoranta ya ce a rahotonsa na 2015 Afirka tana asarar sama da dala biliyan 50 duk shekara, kuma kaso mafi girma ta hannun manyan 'yan kasuwa da kamfanoni yake fita.

An daɗe ana wannan abu a rufe, sai a watan Afrilun 2016 Allah ya tashi tonon asiri. Wani da har yau ya ɓoye sunansa ya kwashi takardu miliyan 11 da rabi daga wani ofishin lauyoyi a Panama mai suna Mossack Fonseca ya miƙa wa wata jarida a Jamus, ita kuma ta raba wa 'yan jaridun duniya. A 2017 wasu takardun suka sake fita, a 2021 wasu kuma. Sarakuna, shugabannin ƙasashe, 'yan ƙwallo, mawaƙa, kowa da ɗan kamfaninsa a tsibiri. A ƙasar Aislan, wadda mutanenta duka a lokacin ba su kai na ƙaramar hukumar Dala ba, jama'a suka cika ƙofar majalisa, cikin 'yan kwanaki firaministan ya bar kujera. A Pakistan kotun ƙoli ta tuɓe Nawaz Sharif a 2017 sanadiyyar shari'ar da takardun suka haifar. A nan Najeriya jaridar Premium Times ta jero sunaye, sanatoci da tsofaffin gwamnoni da manyan sojoji masu ritaya da attajirai. Aka yi kwana biyu ana surutu a rediyo, daga nan shiru kamar an shuka dusa. Na yarda ganin sunan mutum a takardun nan ba shi ne hujjar ya yi laifi ba, akwai masu dalilinsu na kasuwanci. To amma ai sai a kira mutum a tambaye shi dalilin, yadda aka tambayi mai ƙosai tikiti.

Kuma ki ji wannan. A 2017 gwamnatin tarayya da bakinta ta ce mutum 214 ne kacal a duk faɗin Najeriya suke biyan harajin da ya kai naira miliyan 20 a shekara, kuma dukkansu a Legas suke. Da na ji haka sai na ce to, mu namu attajiran fa? Masu jerin tireloli, masu rumbunan kaya, masu gidajen da ake zagayawa da mota, waɗanda in za su aurar da 'ya sai an rufe titi? Ashe duk talakawa ne 'yan'uwanmu ba mu sani ba. Allah Sarki, da mun sani ai da mun kai musu sadaka.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu mu mata kai tsaye, kuma a nan nake so ki buɗe kunne da kyau. Shi firaministan Aislan ɗin nan, kamfanin tsibirin shi da matarsa suka mallaka. Ranar ƙarshe ta shekarar 2009 sai ya sayar mata da rabinsa a kan dala ɗaya tak. Da na karanta haka dariya ta kama ni, na ce ashe dabarar tsohuwa ce. Tun zamanin da malamanmu na fiƙihu suka kawo misalin mutumin da in ya ga shekara ta kusa zagayowa a kan dukiyarsa sai ya kira matarsa ya ce na ba ki kyauta, in lokacin zakka ya wuce ita kuma ta ce na mayar maka. A baki an yi kyauta, a zuciya an gudu ne daga hakkin miskini. Hila ake kiran wannan, kuma malaman Malikiyya da muke bi sun ce wanda ya yi haka don gudun zakka, zakkar tana nan a wuyansa. Kin kuma san labarin masu gonar nan da ya zo a Suratul Ƙalam, waɗanda suka haɗa baki za su yi sammako su girbe amfaninsu tun miskinai ba su farka ba, suka wayi gari gonar ta ƙone ƙurmus. Gonarsu ce fa, ba ta wani suka shiga ba. Na san zakka daban haraji daban, ɗaya umarnin Allah ne ɗaya tsarin mutane. Amma zuciyar da take ƙirƙiro dabarar guda ce, kuma a duka biyun da sunan mace ake yawan fakewa.

Idan abu ya ɓaci kuwa, mai sunan ake fara kamawa. James Ibori, tsohon gwamnan jihar Delta, kotun Landan ta ɗaure shi shekara 13 a 2012 saboda safarar kuɗin sata ta irin waɗannan kamfanoni. Amma kin san wa ya riga shi shiga kurkuku? Matarsa da 'yar'uwarsa, tun a 2010, kowacce shekara biyar. Saboda haka 'yar'uwa, ko ke matar Alhaji ce, ko ƙanwarsa, ko 'yarsa, ko budurwar da ake lallashi da mukullin mota, duk ranar da aka kawo miki takarda da Turanci aka ce "sa hannu a nan kawai, ba komai ba ne," ki ce a karanta miki, a fassara miki, ki san me aka mai da ke. Wannan ba rashin biyayya ba ne. Miji na gari ba ya jin haushin matarsa don ta tambayi abin da za a rataya mata a wuya. Wata tana nan an rubuta ta darakta a kamfani uku, ita kuwa kuɗin cefane ma sai ta yi magana sau biyu.

Na san abin da wasu za su ce, don an sha faɗa mini. Za su ce, "Yo in sun biya ma ai sacewa za a yi, gara su ɓoye abinsu." Maganar tana da ƙamshin gaskiya, ban musa ba. To amma ɓarawon gwamnati in ya sata ina yake kaiwa? Ai ramin guda ne. Kuɗin da aka alaƙanta da marigayi Janar Sani Abacha, ko kina cikin masu ƙaunarsa ko ba kya ciki, wani kaso nasu a tsibirin Jersey aka same shi, da sunan wani kamfanin takarda da aka yi wa rajista a tsibiran Virgin. Ya rasu a 1998, amma sai a 2020 aka dawo da waɗannan, sama da dala miliyan 300, aka ce za a sa a manyan ayyuka uku, ciki har da titin Abuja zuwa Kano. Shekara 22 kuɗin suna kwance a tsibiri, mu kuma muna bin titin nan muna salati a kowane rami. Lauyan da ya gina wa ɗan kasuwa maɓoya, irinsa ne ya gina wa ɓarawo. Duk wanda ya kare ramin don ɗan kasuwa ya kare shi don ɓarawo, ko ya sani ko bai sani ba. Sannan in dai tsoron sata hujja ce ta ƙin biya, me ya sa ba a karɓi wannan hujjar daga mai ƙosai ba? Ita ma ai ta san ana sacewa. Kuma da a ce manyan nan kuɗinsu na shiga baitulmali da gaske, da sun fi kowa sa ido a kansa, don su ne masu bakin da ake ji. Da yake ba su zuba komai a tukunyar ba, ko ta ƙone ba asararsu. In ciwo ya kama su jirgi za su hau.

Wasu kuma su ce, "Haba, ai Alhaji yana taimako, duk azumi yana rabon shinkafa." Allah ya ba shi lada in don Allah ya yi. Amma ni na gaji da ganin mata, tsofaffi da masu goyo, sun yi layi tun asuba a ƙofar gidan mai kuɗi, rana na dukansu, 'yan sanda na korarsu da bulala, a kan kwano biyu na shinkafa da taliya uku, ana ɗaukarsu hoto. Kyauta shi yake zaɓar ranar, shi yake zaɓar adadin, shi yake zaɓar wa zai ba, sannan ki durƙusa ki yi godiya. Haraji kuwa hakki ne, in ya biya aka sa magani a asibiti ba sai kin durƙusa wa kowa ba. Shi ya sa da yawansu suka fi son kyautar. Tana da araha, ga kuma kirari.

Akwai ma masu cewa ai guminsa ne, shi ya nema. To a kan titin wa tirelolinsa suke bi har su farfasa shi? Wa ya koyar da akawunsa karatu tun daga aji ɗaya? Ɗan sandan da ke gadin ƙofarsa, wanda unguwarku duka ba ku da irinsa, da kuɗin wa ake biyansa? Kasuwar da ta yi masa arziki mu ce, mu muke sayen sukarin da man gyaɗan da atamfar. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Kada kuma ki ɗauka mata ba su taɓa tsayawa a kan haraji ba. A 1929 matan yankin Aba suka ji za a fara ƙirga su don a ɗora musu haraji, suka fito dubbai suka tunkari Turawan mulki da sarakunan da suka naɗa, aka harbe sama da 50 daga cikinsu. A Abeokuta, Funmilayo Ransome-Kuti ta ja matan kasuwa suka yi ta zaman dirshan a ƙofar fada a kan harajin mata, har Alake ya sauka daga gadon sarauta na wani lokaci a 1949. A nan gida kuwa, tambayi kakarki yadda ake shanya magidanci a rana don ya kasa biyan haraji, da yadda maza ke gudu daga gari in an ce masu karɓa sun iso. Tun kafin Turawa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa jangali cikin zaluncin sarakunan zamaninsa. Malam Aminu Kano da 'yan NEPU suka sha ɗauri da duka a kan irin wannan, har a 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Iyayenmu sun yi guɗa a lokacin. Sai ga shi harajin ya fita ta ƙofa ya dawo ta taga, ya shige cikin sabulu da katin waya da tikitin bakin titi, inda ba a ganin fuskar mai karɓa balle a yi masa bore.

Ba zan ce ba a taɓuka komai ba. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta yafe harajin samu ga wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba, ta kuma ɗaga na masu samu da yawa zuwa kashi 25 cikin 100. A Majalisar Ɗinkin Duniya ma Najeriya ce ta gabatar da ƙuduri a madadin ƙasashen Afirka a Nuwamban 2023, cewa a zauna a tsara dokar haraji ta duniya da kowa zai sa baki, ƙasashe 125 suka goyi baya, 48 suka ƙi, kuma cikin masu ƙin har da Amurka da Ingila. Ba abin mamaki ba ne, mai rumbu ba ya son a zo duba rumbu. Sai dai kashi 25 ɗin nan a kan abin da mutum ya nuna ake cirewa. Wanda ya riga ya kai nasa shagon ƙauye, ko kashi 90 aka rubuta bai dame shi ba. Kuma masu rubuta dokoki su ne wasunsu sunansu ya fito a takardun tsibiri, mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

Ni dai abin da na ce wa maƙwabciyata mai ƙosai shi ne, daga yau duk wanda ya karɓi ko naira 10 a hannunta ta ce ya ba ta takarda, kuma kada ta sake kunna wuta da ita. Ta ji maganata. Shekaranjiya da na je ta nuno mini, ta soke su a jikin wata doguwar ƙusa ta rataye a ɗaki, har sun fi wannan ɗan littafin kauri. Ta ce jira take lokacin zaɓe ya zo, ranar da za a shigo layinmu da taliya da sabulu da turmin atamfa ana kiranmu iyayenmu mata. Ta ce ƙusar za ta ɗauko ta miƙa wa mai neman ƙuri'ar, ta ce ga nata, shi ma ya nuna nasa, sannan ya gaya mata dalilin da kwatar da ke gaban murhunta ta shekara huɗu a toshe.